Lambar da Sallau Ya Haddace

Shekara tara ke nan lambar nan tana hannuna,
tun ina dakon kwandon tattasai a Mayil Tuwel,
tun ban mallaki tebur ba.
Ƙanena Sallau ya rubuta ta a tafin hannunsa
ranar da jirgin kamun kifi zai ɗauke shi daga Apapa.
Ya karanta sau uku, ya lashi yatsa ya goge,
ya ce, "Yaya, ta zauna."

Sau biyu ya kira.
A na biyun, iska ta fi shi magana.

Bana na koma Agege, bayan layin dogo,
ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar coci.
Nan layina ya kurumce.
Sai in hau tankin ruwan mai gida,
in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa,
sanda ɗaya ta leƙo, ta ga ni ne, ta koma.
Maƙwabcina Baba Ibeji kuwa daga kan gadonsa
yake hira da 'yarsa ta Ibadan har kunne ya yi zafi.
Ya ce in sayi sabon layi mana, nawa yake?
Na yi dariya kawai.
Wanda ƙofa ɗaya ya sani a duk duniya,
ba a toshe ta don an fasa wata.

A Ikeja, ƙarƙashin wata lema da rana ta cinye launinta,
Morenike ta saurare ni da Hausarta ta 'yan tumatir.
Ta ce, "Malam, danfo za ka sauya, ba unguwa ba.
Lambarka za ta bi ka."
Ta ɗauki hotona, ta danna babban yatsana a gilashi,
ta nemi lambar ɗan ƙasa, na zaro daga hula.
Ta ce layin zai mutu tukuna, kafin ya tashi.
Na ce har yaushe?
Ta ce kaɗan-kaɗan.

Kaɗan ɗin Legas.
Aka kira la'asar, wayar tana gawa a hannuna.
Na zauna gindin gada ina kallon masu tallan caja,
zuciyata tana ta saƙa:
in yanzu ne fa?
In yana tsaye a wata tashar ruwa da ban iya sunanta ba,
ya ari wayar wani na minti ɗaya,
ya danna sha ɗayan nan da ya goge daga tafinsa,
wata murya ta ce masa babu ni?

Da sabon sim ya zo, sai wayar ta ce ba ta san zance ba.
Ita ce ta garaɓasa, mai tambarin kamfani a goshi
kamar saniyar da aka yi wa lalas.
Shekara huɗu ina cewa tawa ce,
ashe riƙo aka ba ni.
Wani yaro, Chibuzo, a lungun Kasuwar Kwamfuta
ya soka mata igiya, ya karɓi dubu biyu,
bai ko ɗago kai ba ya kwance mata dabaibayi.
Tambarin dai yana nan. Na kankare da makulli, ya ƙi.

Daren nan ina kwance a tabarma,
sanda huɗu cif, ba tanki, ba roƙo.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya gama rawa.
Sha ɗaya saura ta yi ƙara.
Baƙuwar lamba.
Na tashi zaune, na goge hannu a riga,
na yi sallama.

Muryar na'ura ce, tana yi mini maraba da zuwa,
tana tallan waƙar kiran waya.
Na saurara har ta gama.
Sannan na sa ta a caji,
na juyo da fuskarta wajen kaina.